Matar da Ba Ta Taya Man Shanu

An sare tsamiyar kasuwarmu, daga nan na san na tsufa. Kada kowa ya yi mini dariya don har yanzu ina rataye da jakar makaranta kuma haƙorana suna nan cif. Duk wanda ya tsaya a wuri ya ce da can akwai abu kaza a nan, yara suka dube shi kamar ya zare, to ya shiga sahun dattawa ko ya so ko bai so ba. Ni kuwa ranar kasuwar da ta wuce na tsaya gaban wani shagon siminti mai ƙofar ƙarfe, inda wani yaro ke cajin waya, na gaya masa a daidai nan nake zama da ƙwaryar man shanu, ƙarƙashin wata tsamiya wadda in ka hau ƙololuwarta kana hango mutanen Kazaure suna alwala. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “To Hajiya Kaka, caji za a sa ko tarihi za a ba mu?” Yaran yanzu ke nan. Na girme shi da kusan damina biyu, amma ko kunyar idona bai ji ba.

Kasuwar tamu ba wata babba ba ce, tana gindin duwatsun da suka raba mu da Roni, sau ɗaya take ci a mako. Amma a zamaninmu tun kafin ka gan ta kake jin ta. Kukan ƙafar amalanken da ba ta ga mai ba tun ranar da aka ƙera ta, ihun awakin da aka ɗauro a bayan babur, mai maganin basir da lasifikarsa yana rantsuwa har murya ta dushe, sai kuma abin da ya danne su duka, hayaniyar tayi. Yanzu ka shiga shago an manna wa kaya kuɗinsa a goshi, ka danna waya ta yi ƙara, ka fita, ko lafiyar iyalin mai shagon ba ka tambaya ba. Da kuwa albasa guda sai an yi mata shari'a. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, mai saye ya yi fushi ya tafi, ya kai bakin kasuwa ya juyo, a tambayi yara, a koka da zafi tare, sannan a sallama, sannan a buɗe sabuwar rigima a kan gyara, wato ɗan abin da ake ɗora maka bayan an gama ciniki. Da idona na ga wani tsoho ya fara tayin zakara da hantsi, kafin a sallama masa zakaran ya tsufa ya daina cara. Kakata, wadda duk gidan muke kira Inna, takan ce tayi gaisuwa ce, mutum yana gaya maka nauyin aljihunsa ne ba tare da ya ji kunya ba. Tsofaffin kasuwa kuma suna da tasu maganar, wadda sai sun rage murya suke faɗa. Suka ce duk wanda aka yanka wa kuɗi ya biya bai ce uffan ba, a dubi ƙafarsa da kyau, don ba duk mai cin kasuwa ne mutum ba.

Kwanan baya malaminmu na tattalin arziki ya ja wani layi a allo, ya gangaro da shi kamar hanyar rafi, ya ce idan kaya ya yi tsada masu saye raguwa suke, idan ya yi araha su ƙaru. Gaskiya ya faɗa, ni wannan layin a kaina na ɗauke shi bisa gammo. Amma da ya ƙara da cewa akwai abin da ko an ninka kuɗinsa mai buƙatarsa sai ya saya, sai na ji tsigar jikina ta tashi a cikin aji, rana tsaka, ga fanka ba ta juyawa. Wata mata na tuna.

Gidanmu asalinsu makiyaya ne, amma kafin a haife ni garken ya narke, Baba ya koma noman gero da gyaɗa. Saniya ɗaya ta rage, ta Inna, jikar jikar wadda mahaifinta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. 'Yar-lele muke ce mata, domin a gidan nan in ni na yi tari sai a ce in sha ruwa, in ita ta yi atishawa sai a aika kiran mai magani. Har yau in na rufe ido ina jin safiyar gidanmu. Ana idar da sallar asuba sai tsirin nono a cikin ƙwarya, ni ina riƙe da maraƙi yana ƙoƙarin tsinke mini hannu. Sai Inna ta miƙe ƙafa bisa tabarma, ta ɗora gora a cinya, kwacal, kwacal, kwacal, ba sauri ba nawa, har man ya rabu da nonon ya taso. Ta tsame shi a ruwan randa mai sanyi, ta mulmula curi-curi da yatsu uku, kowane curi kamar shi ya haifi ɗan'uwansa. Aikina wanke ƙore, da share turke, da shan zagi in na lashi yatsa. Yanzu bota ake saye a leda, launinta kamar fentin makaranta, ba ta san saniya ba ko a hoto.

Shekarar da nake ba da labari damina ta yi gardama, harawa ta yi wuya, dusa ta hau har sai ka yi mata sallama kafin ka taɓa buhun. Bazara ta shigo da zafin da kaza ke tafiya baki buɗe. Nonon 'Yar-lele ya ja baya, gwiwoyin Inna kuma suka kumbura, ta daina iya takawa zuwa kasuwa. Ran nan Baba ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya daɗe yana wasa da hularsa kafin ya yi magana.

“Inna, ba ƙin ta nake ba, Allah ya sani. Amma abin da take ci ya fi abin da muke ci tsada. Gara a kai ta kasuwar shanu tun da sauran nama a jikinta.”

“Ka haɗa da ni,” in ji Inna, “ka ga ko akwai mai tayin tsohuwa.”

Aka yi ta ja, aka tsaya a kan magana ɗaya. Muddin man da ake sayarwa yana sayen dusar mako, saniya tana nan. Ranar da ya kasa, dillali zai zo da igiyarsa. Tunda Inna ba ƙafa, ni aka ɗora wa ƙwarya. Ka ga ke nan ran saniya guda yana bisa kan yarinyar da ko ɗaurin ɗankwali ba ta gama iyawa ba.

Dole muka ƙara wa curi kuɗi, tunda dusa ba ta jin roƙo. A nan na ga yadda mutane ke guduwa daga tsada, kowa da kalar gudunsa, kuma ba wanda zai ce maka ba shi da hali. Mai shayin bakin tasha, wanda ya yi shekaru yana sayen man Inna, ya ce wai masu shan shayinsa sun waye, botar gwangwani suke so. Wata hajiya da ke sayen rabin ƙwarya ta koma curi ɗaya, daga baya ta ce likita ya hana ta maiƙo, alhali ga ta nan tsaye gaban mai ƙuli tana auna man gyaɗa. Matar malamin firamare, 'yar kudu ce mai fara'a, ita kaɗai ta faɗi gaskiya, ta ce, “Yarinya, miyata ta koma manja sai ruwa ya sauka, ki gai da Mama.” Wani Ba'adare da kan biya da sefa ya ɗaga faifai, ya ji kuɗin, ya mayar da faifan a hankali kamar ya ga maciji a ciki. Da muka ga haka sai Inna ta yi dabara, aka bar kuɗin inda yake aka rage girman curin. Wani tsoho ya ɗaga ɗaya ya kai saitin idonsa ya ce, “Jikanyar Fulani, wannan man shanu ne ko ƙwan tantabara?” Kowace kasuwa masu tsayawa gabana suna raguwa, ni kuma ina komawa gida da ƙwarya mai nauyi, in wuce ta gaban turke ba na iya haɗa ido da 'Yar-lele.

A cikin wannan hali matar ta fara zuwa. Akwai wani lokaci a kasuwar bazara, bayan rana ta take tsaka kafin a kira azahar, da komai ke mutuwa. Mai lasifika ya kashe, awaki su kwanta, mahauta su rufe fuska da hula, ko ƙuda sai ya nemi inuwa. Lokacin ne manya ke hana yara zama gindin tsamiya, ni kuwa a gindinta sana'ata take. Ina gyangyaɗi sai na ga inuwa ta rufe faifaina. Ban ji takunta ba. Doguwa ce, ta yafa baƙin saƙi ta rufe fuska, zanenta yana jan ƙasa, ƙaurin hayaƙi yana tashi daga jikinta kamar wadda ta fito daga cikin murhu. Ta yi sallama can ƙasan maƙoshi, ta nuna ƙwarya da yatsa. Na faɗi kuɗin, na gyara zama ina jiran yaƙi, har na tanadi albarkata a baki. Sai kawai ta kwance bakin zane ta ajiye abin da na faɗa a kan faifai. Ta tsame curin da take so da kanta. Na ɗebo ɗan gutsure zan ɗora mata gyara, sai ta ɗaga tafin hannu ta tare ni. Jama'a, tun da aka kafa kasuwa wa ya taɓa ƙin gyara? Na sunkuya in ɗaure kuɗin, na ɗago, babu ita, sai wata 'yar guguwa tana juyi da ganye a hanyar duwatsu.

Duk hanyar gida ina kwance bakin ɗankwali ina leƙawa, don an ce kuɗin mutanen ɓoye ganye yake komawa. Bai koma ba, ya sayi dusa, 'Yar-lele ta ci ta yi gyatsa. Kasuwa ta zagayo, matar ta dawo, a lokacin nan dai, daga inda ban gani ba. Dusa ta ƙara hawa, muka ƙara kuɗi, ta biya. Ba ta rage ko curi ɗaya ba, ba ta ƙara ba. Kusa da ni akwai wata tsohuwa mai daddawa, Iya muke ce mata, wadda idonta ɗaya ke barci ɗaya na gadi. Ranar zuwanta na uku matar tana juya baya Iya ta matso har ina jin warin kayanta a hancina.

“Ke 'yar nan, kin ga ƙafarta?”

“Zane ya rufe, Iya.”

“To me kike tsammani ake rufewa? Kofato ne. Ni na girmi uwar ubanki a kasuwar nan. Mutum ya ƙi tayi, ya ƙi gyara, ya zo lokacin da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa? Gidansu a cikin itacen nan yake, biki suke shiryawa, da manki za a yi tuwon.”

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa, kuma kowane baki ya ƙara masa gishiri. Aka ce an ga ta shige cikin kogon tsamiya. Aka ce idonta a tsaye yake kamar na akuya. Wani mai gyaran keke ya rantse ya ga tana tafiya ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, shi da ko gabansa ba ya gani sai da tabarau. 'Yan tsirarun da suka rage mini suka ɗauke ƙafa, don ba mai son cin abin da aljana ta tsoma hannu a ciki. Na karya kuɗin, na mayar da shi yadda yake kafin tsada, ina kira har muryata ta shaƙe. A nan ne layin malaminmu ya karkace, domin arahar ma tsoro ta ƙara musu. Sai ka ji mace ta ja hannun 'yar'uwarta tana cewa, “A wannan marrar man shanu da arha haka? Akwai dalili.” Ya zamana mutum ɗaya ce tak ke ciyar da saniyarmu, ita ce kuma ta kore mini kowa. In ta daina zuwa dillali ya zo, in ta ci gaba da zuwa ba mai dawowa.

Iya ce ta kawo shawara. Ta ce ba a korar irinsu da baki, sai dai a yanka musu kuɗin da za su yi zuciya su canza wuri, in ya so mutane su dawo. Ranar kasuwa ta zo, rana ta take, kasuwa ta mutu, inuwar ta rufe faifaina. Na faɗi kuɗin da zai sayi ɗan akuya har da igiyarsa. Matar ta tsaya. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har ɗigar man da ke narkewa a gefen ƙwarya nake ji. Iya ta ja mayafi ta rufe kai tana karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga bayi. Matar ta kwance bakin zane, ta duba abin da ke ciki, ta daɗe tana dubawa. Sai ta zura hannu cikin saƙi, ta zare wata munduwar azurfa daga damtsenta, ta ajiye a kan faifai tare da kuɗin. Ta tsame curinta. Zafi ya sa sun yi laushi, sai na ga ta tsoma yatsu uku a ruwa ta sake mulmula su ɗaya bayan ɗaya, cikin ƙiftawar ido, suka fito sumul sun fi yadda na kawo su kyau. Ta gyara mini zaman faifan yadda rana ba za ta shiga ba, ta tafi.

Da gudu na isa gida, na zube munduwar gaban Inna ina ba da labari numfashi sama-sama, na ce da ta taɓa man sai da ya yi walƙiya. Inna ba ta kula walƙiyata ba. Ta juya munduwar a hannu, ta shinshina ta.

“Da yatsu nawa ta mulmula?”

“Uku, Inna. Irin naki sak.”

“Ta kuma juya faifan baya ga rana?”

Na ce ƙwarai. Inna ta sunkuyar da kai bisa munduwar. Da ta ɗago idonta ya yi ja.

“Uwar surutu, wannan ba aljana ba ce. Mai sayar da mai ce. Macen da ta tashi a garke, ta yi rayuwarta ana taya mata, yau ita ce ke tsugunawa gaban ƙwaryar wata. Da wane baki za ta taya? Ita ke ba da gyara, ba a ba ta. Shi ya sa take zuwa lokacin da idon kowa ke rufe.”

Kasuwar da ta biyo baya aka ɗora Inna a amalanke kamar buhun gero, tana zagin duk ramin da muka faɗa. Ta zauna gindin tsamiya ta sa ni a bayanta. Da matar ta zo ta ga tsohuwa a wurin, sai ta ja da baya kamar za ta juya. Inna ba ta ɗaga kai ta dube ta ba, don kada ta kunyata ta. Ta zuba mata curin a ƙwaryarta, ta tura munduwar a ƙarƙashinsu, ta yi wata magana da Fillanci a hankali, wadda ni da Fillancina bai wuce na zagi da kiran maraƙi ba ban kama ba. Matar ta sandare. Can sai na ga saƙin da ya rufe fuskarta yana rawa. Ta amsa da kalmomi kaɗan, ta nuna bayan duwatsu da haɓa.

Da yamma Inna ta kira Baba ta ce gobe za a kai 'Yar-lele da maraƙinta bayan dutse. Matar da mijinta daga yamma suka gudo, ɓarayi sun kore musu garke gaba ɗaya, ko ɗan maraƙi ba a bar musu ba. Ta ce haka iyayenmu ke yi, wanda garkensa ya mutu a ba shi aron saniya, ya sha nono, abin da ta haifa a hannunsa nasa ne, in ya tsaya da ƙafarsa ya dawo da uwar. Mijin makiyayi ne, ya san inda gawo ke zubar da 'ya'ya da rani, ba ya buƙatar dusa.

“Inna, mutanen da ko sunansu ba mu sani ba? In sayarwa ce aƙalla mu ga kuɗi. Wannan fa in suka tashi shi ke nan.”

“Ita ma ba ta san sunana ba ta ajiye mini munduwar aurenta. Saniyar ta ubanka ce ko ta ubana?”

Baba ya sa hularsa ya fita.

Da hantsi muka isa, Inna a kan jakin maƙwabta, ni ina jan igiya. Bukka ɗaya ce a cikin kwarin dutse, ba kaza, ba kare, ba ko tsuntsu. A gabanta an share fili fes, an kafa turaku, an ja dangwali, wato doguwar igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure maruƙa. Ba komai a jikinta. Wani dogon mutum ramamme yana bin ta a tsugune, ya kama madauki ya zura shi a wuyan iska, ya ɗaure, ya shafa bayan abin da ba ya nan, ya kira shi da suna, ya matsa na gaba. Na ga abubuwan tsoro a rayuwata, har da fuskar shugaban makarantarmu ranar Litinin, amma ban taɓa jin sanyi ya ratsa ƙashina da rana kamar ranar ba. Matar ta fito fuska a buɗe. Fuska ce irin ta kowa, da zanen baki irin na Inna, sai gajiya. Na saci kallon ƙafarta, yatsu ne da kaushi, har na ɗan ji haushi. Ta gaya wa Inna mijinta ne, tun ranar da aka kore shanun bai yarda sun tafi ba, cewa yake suna kiwo. Ba ya cin komai sai ya ga sabon curi a ƙwarya da safe, mulmular hannunta, sannan ya ce to an yi tatsa, ya ci. Ranar da babu, haka zai wuni da baki a rufe.

'Yar-lele ta yi kuka. Mutumin ya tsaya da madauki a hannu, bai juyo ba, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya tako, bai dube mu ba ko sau ɗaya, ya bi bayanta da tafin hannu tun daga tozo har wutsiya, ya ɗaga leɓenta ya duba haƙora. Ya karɓi maraƙin daga hannuna ya kai shi madaukin farko ya ɗaure. Sai ya dubi sauran madaukan, ya dubi matarsa.

“Sauran fa?”

Inna ce ta amsa daga kan jaki, ta nuna cikin saniyar da sandarta.

“Suna nan ciki, Malam. Ɗaya-ɗaya za su fito.”

Daga ranar na daina zuwa gindin tsamiya da ƙwarya. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, nono ya cika kasuwa, man shanu ya faɗi warwas, sai ga mai shayi ya gane botar gwangwani ba ta da daɗi, likitan hajiya ma ya janye dokarsa. Amma mu ba mu da abin sayarwa. Bayan girbi Baba ya je bayan dutse ya dawo fuska a murtuke. Bukkar ta rushe, ba turaku, ba dangwali, ba wanda ya ga tashinsu. Iya mai daddawa ta yi kusan rawa a kasuwa, ta ce ai ta faɗa, da mai aka fara, aka ƙare da saniya sukutum. Baba bai taɓa ce wa Inna komai ba, amma in ya wuce turken nan sai ya yi tsaki. Safiyar gidanmu ta zama shiru, ba tsiri ba kwacal, sai tarin Inna. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har ni kaina na fara tunanin ko dai kaushin nan da na gani na aro ne.

A damina ta uku aka yi wani ruwa mai ƙarfi da ya ɗauke kafin asuba. Na fito da buta, sai na ga abu fari tsaye a turke yana tuƙa. Na saki butar na kurma ihun da na tabbata an ji shi a Gwiwa. 'Yar-lele ce, ta yi ƙiba har tana sheƙi, cikinta ya yi nauyi, an ɗaure ta da sabuwar igiya. Ƙasar tsakar gida ta jiƙe luɓus, ga sawun kofatonta nan ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙofar gida har turke. Na bi shi na dawo, na sake bi. Ba sawun mutum ko ɗaya a gefensa. Baba ya fito ya tsaya riƙe da baki, ya ce wataƙila mutumin a kan ciyawa ya taka, alhali shi ya san ba ciyawa a tsakar gidanmu.

Inna ta fito tana dogara sanda, ba ta ko dubi ƙasa ba. Ta kama ƙahon saniyar ta bi gindinsa da babban yatsa, inda kowace haihuwa ke barin zobe, ta bi ta sake bi, sai na ga ta yi murmushi.

“Biyu sun ƙaru,” ta ce. “Ya samu abin ɗaurewa.”

Sai ta juyo ta same ni a tsugune ina leƙen laka.

“Ke kuma tashi daga nan, kin tsaya neman ƙafar aljani. Baƙuwa ta yi tafiya, ɗebo mata ruwa.”